Sallamar da Ke Cikin Wayar Yaya

Rana ɗaya aka sayo mana wayoyin nan biyu, ni da Yaya, iri ɗaya, launi ɗaya, daga rumfa ɗaya a bakin kasuwar Mont-Bouët, a nan Libreville ta ƙasar Gabon. Maigidana ne ya shigo da su cikin leda bayan azahar, ya ajiye a kan teburin ɗinkina, ya ce kowa ya ɗauki ɗaya, zamanin ƙaramar waya mai maɓalli ya wuce. Don kada su rikice mana, na ɗaura wa ta Yaya ƙyallen jar atamfa a kusurwar rigarta. Ban da wannan ƙyallen, ba wanda zai iya raba su.

Tawa ba ta yi wata biyu ba ta fara biyan kanta. Ni tela ce, a ɗakin gaba na gidan da muke haya a Nkembo nake aiki. Da can sai mace ta zo ta tsaya a kaina tana kwatanta mini ɗinki da hannu, ni ina gyaɗa kai ban gane rabin Faransancinta ba. Da waya ta zo, sai su turo hoto, in ƙura masa ido, in nemo yadda ake yanka wuyan, in kalla sau biyu in ɗauki almakashi. Saƙon muryar da ban gane ba ina maimaita shi har ya shiga. A haka Faransancina ya miƙe, a haka matan ofisoshin Plaine Orety suka san ƙofata. Abin da na koya yau shi ke buɗe mini na gobe, har na fara jin haushin shekarun da na yi ba ni da ita.

Yaya kuwa, sai a hankali na lura cewa tasa cinye shi take yi.

Yaya ya girme ni da nisa. Yana ƙarami, a ƙauyenmu da ke ƙasar Maraɗi, sanƙarau ya kama shi. Mahaifiyarmu takan ce ya tashi, amma bai tashi duka ba. Ba mahaukaci ba ne, kuma duk wanda ya kira shi wawa a gabana ya san abin da ya gani. Abu ɗaya yake ɗauka a lokaci ɗaya. In ka ba shi aike biyu, na biyun zai faɗi a hanya. Karatu bai zauna masa ba, na allo ko na boko. Sai dai abin da ya riga ya shiga kansa ya shiga ke nan, ba ya fita. Cikin abubuwan da mahaifinmu ya dasa masa tun yana yaro akwai wannan: in mutum ya yi maka sallama, ka amsa, ka amsa cikakkiya, ko kana gudu ne.

Da mahaifiyarmu ta rasu, ni na tsaya kai da fata sai an kawo shi Libreville. Maigidana direban taksi ne, mutum mai kawaici, ya yarda, har ya samo masa amalanke, wanda mutanen nan ke kira pus-pus. Shekaru Yaya ya yi yana tsayuwa a bakin kasuwa tun safe. Mai kaya zai ɗaga hannu ya kira shi, ya faɗa masa wuri ɗaya, ya loda, ya tura. Buhunan shinkafa, damman ayaba, kwalayen kifi mai gishiri, kome ya hau ya isa. Hawan Nkembo da gangarensa duk ƙafarsa ta haddace su. Yana cin abincinsa da guminsa, yana sayen rigar sallarsa da kansa, kuma in ya shigo gida da yamma yakan ajiye mini lemo a kan keken ɗinkina.

Sai 'yan kasuwarmu suka buɗe zaure a cikin waya, wato rukunin tura saƙonni, su da masu dako da masu ƙananan motoci. Mai kaya ya daina fitowa bakin titi ya ɗaga hannu. Yana zaune cikin shagonsa zai danna ya ce akwai kaya a wuri kaza, wanda ya fara cewa ya karɓa, aikin nasa ne. Da aka sa lambar Yaya a ciki har guɗa na so in yi. Na ce shi ke nan, ya huta da tsayuwa cikin ruwan sama.

Lemo ne ya fara ɗaukewa daga kan kekena. Daga nan ya fara dawowa da rigarsa a bushe, ba gumi. Na tambaye shi, ya ce kasuwa ce. Wata rana na je sayen zare, na hango shi a ƙarƙashin wata rumfa, amalanken a jingine, waya a kunne, yana magana yana ɗan rusunawa kamar mai gaida surukai. Na lallaɓa na tsaya a bayansa.

Murya ta fito daga wayar, wani mai wa'azi da aka naɗa ko a ina ne, ya buɗe da sallama. Yaya ya tsayar da shi nan take, ya danna ya riƙe kamar yadda na koya masa.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malam, ina kwana? Ina gajiya? Ina iyali? To madalla."

Ya saki, ya wuce na gaba. Wani ne mai tallar maganin basir, shi ma da sallama ya fara. Yaya ya amsa masa, ya tambayi lafiyar gidansa. Na gaba mai sayar da fili a Damagaram. Na gaba wata addu'a da aka ce a tura wa mutane. Kowa ya samu amsarsa cikakkiya, kuma bi da bi yake binsu, daga wanda ya fara shigowa, don a wurinsa rashin ladabi ne a tsallake wanda ya riga zuwa. Na karɓi wayar na duba. Saƙonnin safe yake kai, ga shi rana ta take. Can ƙasa akwai kiran kaya har uku, an daɗe da karɓe su.

"Yaya, waɗannan mutanen ba da kai suke ba."

Ya dube ni da mamaki. "Cikin salulata suka shigo, Auta. In ba da ni ba, da wa?"

Ni ba mai haƙuri ba ce, duk layinmu an sani. Amma ranar na haɗiye abin da ya taso mini, na sayi zarena na koma gida. A hanya nake tuna cewa ni ban taɓa tsayawa na koyi tsallake saƙo ba. Idona ne kawai ke yi. Da na ga tsawon murya da wanda ya turo, na san ko tawa ce ko shara ce, ban ma san ina yanke hukunci ba. Wannan ɗan abin da ban ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne Yaya ba shi da shi, kuma wanda ya ƙera wayar ya ɗauka kowa da shi aka haife shi.

Na ce to, zan koya masa. Saƙon da aka ɗebo daga wani wuri aka turo yana zuwa da 'yar kibiya a samansa. Na ɗauki allin ɗinki na zana kibiyar a kan katakon amalankensa, daidai inda idonsa ke sauka in yana turi. Kullum in ya dawo sai in nuna masa.

"Ka ga wannan alamar? Mai maganar ba ya cikinku. Wani ne ya kawo maganarsa."

Ya ɗauki kwanaki, amma ta shiga. Ranar da ya nuna mini kibiya da yatsansa ba tare da na tambaya ba, na dafa masa shinkafa da wake da mai da yaji, abin da ya fi so. Washegari da ya dawo na karɓi wayarsa na saurari zauren don in ji sakamakon aikina. Sai ga muryarsa, a natse, yana cewa:

"Ina amsawa, ina amsawa. Ka ce ina gaishe shi. Kai kuma da ka kawo gaisuwar, Allah shi saka maka da alheri, Allah shi huta gajiya."

Na dafe kai. A garinmu in aka ce wane yana gaishe ka, za ka amsa wa mai gaisuwar, ka gode wa ɗan aiken. Abin da Yaya ya fahimta da kibiyata ke nan. Da can amsa ɗaya yake yi, yanzu na mai da ita biyu. Na yi dariya har na kwanta a kan atamfar mutane, daga baya dariyar ta koma wani abu dabam.

Ba a yi mako ba ya shigo mini da hantsi, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo wayar da hannu biyu.

"Auta, ta mutu. Tun jiya ba wanda ya yi magana."

Na duba. Lafiyarta lau. A ƙasan zauren an rubuta cewa an cire shi. Na yi tunanin in ce masa rezo ne, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, amma Yaya ba ya yi mini ƙarya, ni ma ba na yi masa. Na faɗa masa an fitar da shi saboda amsoshinsa sun yi yawa.

Ya dube ni. "Wa na ɓata ma rai? In tahi in ba shi haƙuri."

Ya fita ya zauna a kan amalankensa a ƙofar gida har la'asar.

Bayan kwana biyu maigidana ya kawo maganar da na san tana tafe. Ya jira Yaya ya tafi masallaci, ya zauna a kan bencin da masu ɗinki ke zama, ya ce in ruwa ya ɗauke akwai ayarin mutanenmu da za su gida. Ya ce gara Yaya ya bi su. Akwai gonar kawu, akwai dabbobi, can ba wanda zai tambaye shi waya.

"Ba korar shi nike ba, ke ma kin sani. Amma garin ga ya canza. Aikin ya shige cikin salula, shi kuwa ba ya iya bin shi."

Na san ba mugunta ba ce. Na kuma san gidan kawu. A can Yaya ba shi da suna sai na ciwon da ya yi yana yaro. Za a ba shi tuwo, a aike shi, yara su bi shi da waƙa, ya tsufa a bakin zaure yana jiran a tuna da shi. A nan kuwa shi mai pus-pus ne, mutum mai sana'a, wanda ake ba amanar kaya. Na ce wa maigida ya ba ni zuwa ɗaukewar ruwa. In lokacin ya yi Yaya bai koma aiki ba, ni da kaina zan haɗa masa jaka. Ya ce ya ji. Na faɗi haka ne alhali ban san ta inda zan fara ba.

Na fara da wanda ya cire shi. Wani Alhaji ne Bakano mai sito na kayan gini a Oloumi, shi ke riƙe da zauren. Na sa hijabina na tari taksi. Na same shi zaune a kan kujerar roba tsakanin tulin tayil da buhunan siminti, ƙarar masu walda ta cika unguwar, sai da muka ɗaga murya muka gaisa. Da na faɗi ko ni wace ce, sai ya buɗe wayarsa ya miƙo mini. Muryar Yaya ce jere da juna, ina ta jan yatsa ba ta ƙare ba. Gaskiya ko ni ce da zauren, da na cire shi.

"Hajiya, ni ba ni da komai da yayanki, mutumin kirki ne," in ji shi. "Amma mutane na neman mai ɗaukar kaya, sai su yi ta tono cikin gaishe-gaishe. Kuma ai ba mu nuna masa bambanci ba. Waya irin ta kowa gare shi, kati irin na kowa yake sawa. Ƙofa a buɗe take."

"Alhaji, ni ma ɗakin ɗinkina a buɗe yake. Ga keke, ga zare, ga wuta. Zo ka ɗinka mini riga."

Ya yi dariya har hularsa ta goce. Ni ban yi ba. Na ce masa kafin a buɗe zauren nan Yaya yana da aiki, bai roƙi kowa a ƙirƙiro masa sabuwar hanya ba. Masu saurin kai sun samu ƙari, ba na musu baƙin ciki, ni ma ina cikinsu. Amma ƙarin da suka samu, daga cikin tuwon Yaya aka ɗebo shi. Ya gyara hularsa. Daga ƙarshe ya ce zai mai da lambar, da sharaɗi ɗaya: kada a sake jin muryar Yaya a zauren sai in cewa zai yi ya karɓa. Na ce na yarda, alhali ban san yadda zan rufe bakin mutumin da ke ganin shirunsa zunubi ne ba.

Abin da uba ya dasa, ƙanwa ba ta isa ta tuge shi ba. Sai na nemi wanda Yaya ke jin maganarsa kamar ta mahaifinmu, wato limamin masallacin unguwarmu, wani dattijo mutumin garin Tawa. Muka same shi bayan la'asar a ƙofar gidansa. Na durƙusa daga gefe na zayyana masa komai, har da kibiyar. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya juya ga Yaya ya ce masa ya yi daidai, amsa sallama wajibi ne. Sai dai in an yi wa taro sallama, mutum ɗaya ya amsa, to ya ɗauke wa sauran. Zauren waya kuwa taro ne.

Na ji wani sanyi a raina, na ce an gama. Yaya ya tsaya yana juya maganar, mu kuma muka jira shi, don ba a gaggauta shi.

"Allah gafarta Malam, to wa ka amsawa? Ni na saurara. In ban amsa ba, ba mai amsawa."

Gaskiya ya faɗa. Zaure cike da Musulmi, kowa na jefa sallama, ba mai ɗauka. Fatawar da na zo nema ta juyo ta tabbatar masa cewa nauyin kowa a wuyansa yake. Liman ya dube ni, na dube shi.

"Ni zan amsa," na ce.

Liman ya ce ya halatta, in na ji da kunnena na amsa da bakina, ba sai na tura ba. Yaya bai gamsu nan take ba. Ya sa na yi alkawari a gaban Malam cewa ba zan tsallake kowa ba, kuma cikakkiya zan riƙa amsawa, ba ta 'yan birni mai guntun wutsiya ba.

Da Alhaji ya mai da lambar, wayar mai jan ƙyalle ta dawo kan teburina, Yaya ya koma ga tsohuwar mai maɓalli. Ina taka keke ina sauraro. Mai wa'azi ya yi sallama in amsa, mai maganin basir ya yi in amsa, in kuwa kaya ne in yi maza in rubuta cewa an karɓa, in kira Yaya in faɗa masa wuri ɗaya. Matan Gabon da ke zuwa awo suka ɗauka wata addu'a ce ta teloli. Aiki ya dawo, lemo ya dawo. Amma duk yamma in ya shigo sai ya tsaya a gaban teburin ya ɗan taɓa ƙyallen da yatsa, sannan ya tambaye ni ko na amsa wa kowa. Ya san an karɓe masa wani abu, kuma ina ganin haka a fuskarsa.

Maigida ya zuba ido na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wanga aiki ke ka yin shi, ba shi ba. Ranar da kika kwanta ciwo fa? Ko kika tahi gida ganin dangi?"

Na ji haushi ƙwarai, kuma haushin ya fi yawa ne don na san gaskiya ya faɗa. Na gane ban gyara komai ba, na dai zama igiyar da aka ɗaure Yaya da ita. Daga ranar na sa mana doka. Kullum bayan la'asar zan rufe keke, ko da ɗinkin biki ne a kai, mu zauna a benci ni da shi, waya a tsakaninmu. Shi zai danna. In aka yi sallama ni zan amsa da ƙarfi ya ji, shi kuma aikinsa ya saurari abin da ya biyo baya.

A nan na gano cewa Yaya bai taɓa jin abin da ke bayan sallama ba. Da an yi ta, hankalinsa ya tafi shirya amsa, sauran maganar ta wuce shi. Ko da na amsa, leɓɓansa na motsi, yana bina a ɓoye. Sai da muka yi makonni kafin bakin ya tsaya. Daga nan na fara tambayarsa, akwai kaya ko babu? Wannan ma ta ba mu wuya. Wani ya turo tallar siminti daga Kano, Yaya ya ji an ce buhu, ya miƙe zai ɗauko amalanke. Wata rana na yi masa tsawa, ya sunkuyar da kai, na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito muka ci gaba. Ruwa kuma ya fara ja da baya. Masu tafiya gida suka fara sayen tsaraba, ina ganinsu suna wucewa da manyan jakunkuna.

Abin da ya buɗe mana hanya, shi ya nuna mini ba da saninsa ba. Wani ya yi magana mai tsawo, ni kaina na gaji, a tsakiya ya ambaci Plaine Orety. Sai na ga ƙafar Yaya ta motsa a ƙasa, kansa ya ɗago. Na sake sa wani da aka ambaci Damagaram, ko gezau. Ashe tambayata ce ba daidai ba. Kaya kalma ce da ke cikin kowace magana, amma sunan wurin da ya taɓa turawa ya je, wannan jikinsa ne ke ji. Na canza tambayar.

"Yaya, ka ji wurin da ƙafarka ta sani?"

Daga ranar muka fara ci gaba. In ya ji Oloumi, ko Nkembo, ko bakin kasuwa, sai ya sake sa saƙon daga farko, in sake amsa sallamar, ya saurara da kyau. In bai ji ba, ya wuce. Kuskure bai ƙare ba, amma ya ragu. Kalmar da zai tura ma muka yi ta maimaitawa, na karɓa, na karɓa, ba ina kwana, ba ina gajiya. Ya ce maganar ta yi tsirara. Na ce haka Alhaji ke son ta.

Ruwa ya ɗauke. Gari ya yi wannan lumshin na rani, sama fari-fari ba rana, da 'yar iska mai sanyi daga teku. Wata safiya maigida yana wanke taksinsa a ƙofar gida, ya faɗa mini ta taga cewa jagoran matafiya na jiran maganarmu yau, ko Yaya zai bi su ko ba zai bi ba. Ni ina durƙushe gaban wata mata ina kama mata gindin riga, bakina cike da allurai. Yaya ya shigo shan ruwa kafin ya fita. Sai wayar ta yi ƙara a kan tebur.

Ya ɗauka ya danna, kamar yadda muke yi da la'asar. Muryar namiji ta yi sallama. Ya dube ni, ya ga allurai a bakina. Na ga leɓɓansa sun fara motsi. Na kai hannu zan zare alluran, amma kafin nan ya juya ya fita ƙofar gida, ina hango shi ta taga. Ya miƙa wayar daidai fuskar maigida, ya sake sa saƙon daga farko.

"Amsa mini wanga, ni in saurari wurin."

Maigida yana tsaye da jiƙaƙƙen tsumma a hannu, ruwa na ɗiga a kan takalminsa. Ba Musulmin da za a sa wa sallama a fuska ya yi shiru.

"Wa alaikumus salam," ya ce.

"Cikakkiya."

"Wa rahmatullahi wa barakatuhu."

Yaya ya kara wayar a kunne, ya rufe ido. Mai maganar ya yi ta zuba. Na ga ƙafar ta motsa.

"Oloumi ne," ya ce. "Tayil. A kawo Nkembo."

Ya danna ya riƙe, ya ce, "Na karɓa," ya saki. Ya tsaya kaɗan, kamar sauran gaisuwar na neman hanyar fita, ya haɗiye ta. Bai dawo da wayar kan teburina ba. Ya sa ta a aljihun gaba, jan ƙyallen na leƙowa, ya kama amalankensa ya gangara.

Matar da nake wa awo ta tambaye ni da Faransanci ko lafiya, don ta ga hannuna ya tsaya. Na zare alluran na ce lafiya lau. Maigida ya matso jikin taga, har yanzu tsumman na hannunsa.

"To a hanya wa za ya amsa mishi?"

"Duk wanda ya samu."

Ya daɗe yana kallon gangaren da Yaya ya bi. Sannan ya goge hannu a wandonsa, ya ciro wayarsa ya kira jagoran matafiya. Na ji yana cewa saƙo kawai za mu bayar a kai wa kawu, sabulu da atamfa, ba mutum.

Har yau Yaya bai iya tsallake sallama ba, kuma na daina sa ran zai iya. Mai shayin bakin kasuwa ya amsa masa, masu gadin sito sun amsa masa, Alhajin Oloumi da kansa an ce ya sha miƙa masa ita a fuska. In ba kowa kusa, tsayawa yake yi ya jira, aikin ya wuce shi, masu sauri su ɗauka. Doka ta la'asar tana nan, ban ɗage ta ba, don wayar ba ta zama yadda take, kowane ɗan lokaci sai an sauya mata fuska mu koma farko.

Ranar tayil ɗin nan dai da azahar ya dawo ta layinmu, alhali ba nan ce hanya mafi kusa ba. Amalanken cike da kwalayen tayil, rigarsa sharkaf da gumi. Ya tsaya a ƙofar gida, bai sauke hannu daga katakon ba, ya yi sallama da ƙarfi. Na buɗe baki zan amsa, sai na ji maigida ya riga ni daga cikin ɗaki, kuma cikakkiya ya amsa.